Yadda na ɗauki bidiyon farautar gwanki da kyamarar ɗaurawa a jiki, da wuraren da na yi tuntuɓe

Yayana ya daɗe yana tara kuɗin wannan tafiya, farautar gwanki a wani gandun daji mai lasisi a wata ƙasa, ni kuma ya ce in raka shi in ɗauko masa bidiyon. Ban taɓa harba bindiga ba, amma na iya waya da kwamfuta, a wurinsa kuwa wannan ya isa a kira mutum masani. Na ɗauka aikin bai wuce a sayi 'yar kyamarar nan da ake ɗaurawa a goshi ko a ƙirji ba, a danna maɓalli, a faɗa daji. Kwana 7 muka yi. Na dawo da bidiyo na kusan awa 11, abin da ya kallu a ciki bai kai minti 15 ba. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya tafi tun daga farko, ko wani zai huta da ruɗanin da na sha.

Wata 3 kafin tafiya na rubuta wa masu shirya farautar ina tambaya ko an yarda a ɗauki bidiyo. Da ba don Yaya ya matsa ba da ban tambaya ba, don a ganina kyamarar da ba ta kai kwalin sabulu ba me za a yi mata da izini? Amsarsu ta zo bayan kwana 4, kuma tambayoyi ne ba amsa ba: bidiyon na ajiye wa kai ne ko na neman kuɗi, a jikin mutum za a ɗaura kyamarar ko a jikin bindiga, kuma akwai jirgi marar matuƙi a kayana? Jirgin dai suka ce in manta da shi, dokar wurin ta hana tashinsa a lokacin farauta, kuma wurare da yawa haka abin yake, saboda ana iya leƙo inda dabba take da shi. Maganar ɗaurawa a bindiga suka ce sai mun zo jagora ya gani. Ita kuwa maganar neman kuɗi, suka tura ni ofishin kula da namun daji. Can na cika fom, na haɗa da hoton fasfo, da lambar lasisin Yaya, da ranakun da za mu yi, da jerin kayan ɗauka. Kwana 19 na yi ina duba saƙo safe da yamma. Da amsar ta zo aka bayyana mini cewa in har zan ɗora bidiyon a shafin da ake biyana kuɗin talla, to ya zama sana'a, takardarsa daban, kuɗinsa daban, jiransa ma ya fi tsawo. Muka zaɓi na ajiye wa kai, na sa hannu a kan haka, aka turo mini takarda mai shafi ɗaya. Na buga ta kwafi 2, kuma sau 2 aka nemi ganinta a tafiyar. Ni kaina an rubuta ni ne a matsayin ɗan rakiya, wanda ke biyan kuɗin kwana da zama ba tare da ikon harbi ba. Wannan kuɗin ma bai shigo lissafinmu na farko ba.

Sai sayen kaya. Mutane suna kiran duk irin waɗannan kyamarori GoPro, ko da na DJI ne ko Insta360 ko wani kamfanin daban. Da na san tarihin abin tun farko da na fahimci iyakarsa. Nick Woodman ya kafa GoPro a 2002 ne don masu wasan hawa igiyar teku su riƙa ɗaukar kansu, wato an ƙera abin ne don ya kama abin da ke kusa da shi da faɗi sosai, ba don ya jawo na nesa ba. Zan dawo kan wannan, don a nan na fi shan kunya. Kyamarar kanta ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba. Batir 4 na ƙari, caja mai cin batir 2 lokaci guda, maɗaurin goshi, maɗaurin ƙirji, maƙalin bakin bindiga, soson da ake sa wa makirfo don iska, da katin ajiya, da na tattara su duka sun kusa kai rabin kuɗin kyamarar. Kan katin ajiya kada a yi rowa. A nemi mai alamar V30, ma'ana yana iya rubuta megabait 30 a daƙiƙa ba tare da ya sare ba. Ga lissafin da ya kamata in yi tun a shago: ɗauka a 4K, wato saitin hoto mai fitowa tar sosai, mai nauyin megabit 100 a daƙiƙa (megabit 8 ne ke yin megabait 1), tana cin kusan megabait 750 a minti, wato gigabait 45 a awa. Katin gigabait 128 ba zai kai awa 3 ba. Ni kuwa kati 2 na saya don tafiyar mako guda. Allah Ya taimake ni na tafi da kwamfuta da rumbun ajiya na waje.

A filin jirgin sama na fara ganin sakayyar rashin karatu. Na zuba batura da fawa-banki a babbar jaka saboda kada jakar hannu ta yi nauyi. Mun miƙa kaya, mun wuce bincike, mun zauna, sai na ji ana kiran sunana a lasifika. Aka kai ni wani ɗaki, ga jakata a kan tebur, jami'i ya ce in buɗe in ciro su. Batirin litiyam da ba ya cikin na'ura ba ya shiga ƙarƙashin jirgi, dole ya bi mai shi a jakar hannu, domin in ya kama da wuta a cikin fasinjoji za a gani a kashe, a ƙasa kuwa babu mai gani. Iyakar da aka saba da ita ita ce Wh 100 (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne) ga kowane batir ba tare da neman izini ba. Batirin kyamara bai kai Wh 10 ba, fawa-banki mai mAh 20,000 kuma kusan Wh 74 ne, duk suna cikin ƙa'ida, wurin da na sa su ne kuskure. Jami'in ya ƙara da cewa in liƙe bakin kowane batir da salatif ko in sa kowanne a ledarsa, kada ƙarfe ya haɗa su. Minti 40 abin ya ci. Da na dawo Yaya bai ce komai ba, kallona kawai ya yi ta saman tabarau. Da muka sauka kuma, a teburin 'yan sanda masu duba bindigogin baƙi muka yi kusan awa 2, ana gwada lambar bindiga da ta takarda, ana ƙirga harsashi. A nan kada ka kuskura ka ciro kyamara. Na ga alamar hana ɗaukar hoto a bango na mayar da ita jaka. Kwastan sun tambayi kayan ɗauka na sayarwa ne, na nuna jerin da na rubuta da lambar jikin kyamara da takardar ofishin namun daji, suka bar mu.

Washegari da safe a sansani, kafin kowa ya shiga daji, sai an je filin gwaji an tabbatar da saitin bindiga bayan jijjigar tafiya. Yaya ya harba 2 a takardar da aka kafa a mita 100, duka suka faɗa kusa da tsakiya. Sai na ɗaura kyamara a bakin bindigar da maƙalin da na saya, ina ta murna. Harbi na gaba ya sauka ƙasa da na farko da kusan faɗin tafin hannu. Jagora ya zo ya taɓa maƙalin da yatsa ya ce nauyi da matsi a jikin bututun suna sauya yadda yake girgiza in harsashi ya fita, saiti kuwa ya tafi ke nan. Ya ce faɗin tafi a takarda wasa ne, a jikin dabba shi ne bambancin faɗuwa nan take da raunata ta ta shige daji tana wahala. Ya kuma tuna wa Yaya cewa dabbar da aka raunata, ko an same ta ko ba a same ta ba, an ci lasisinta kuma za a biya. Da na duba bidiyon ma ba riba: daidai lokacin da bindiga ta tashi, hoton ya watse, sama da ƙasa suka haɗe, kafin ya daidaita komai ya wuce. Yaya ya ce, “Auta, cire mini wannan abin.” Na cire, ban sake mayarwa ba. A ranar ne kuma na nemi yardar jagora da masu bin sawu 2 kan fitar da fuskokinsu. Ɗaya ya ce a ɗauki hannunsa da bayansa amma ban da fuska, na riƙe masa wannan har wajen tacewa.

Fitarmu ta farko ni na ɓata ta. Mun bi sawu tun hantsi, iska tana busowa daga gabanmu yadda ake so, har muka hango garke a bakin wani fili. Kowa ya durƙusa. Na kai hannu goshi na danna maɓalli, sai kyamara ta yi ƙarar nan tata ta fara ɗauka, 'yar siririya, wadda a ɗaki ba za ka ma lura da ita ba. A cikin wannan tsit ɗin kamar an buga ƙararrawa. Kunnuwa suka miƙe gaba ɗaya, sai ƙura. Tafiyar awa 3 ta tashi a banza. Mai bin sawu ya juyo ya dube ni, ya dubi jagora, ya tsinki ciyawa ya sa a baki. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Daren nan na zauna na bi saitin kyamarar ɗaya bayan ɗaya: na kashe ƙara, na kashe jan fitilar da ke ƙyaftawa, na ƙara liƙe ta da baƙin salatif don kada a samu akasi, na kashe allon gaba, na kashe karɓar umarni da murya, na kashe haɗin waya tunda shi ma yana shan batir. Aikin minti 10 ne da ya kamata in gama shi tun a gida.

Rana ta biyu na ɗaura wa Yaya ita a goshi, tunda shi ne mai harbi, idonsa ake so a gani. Da yamma muka kunna a kwamfuta, kashi ɗaya cikin uku na hoton bakin hularsa ne, sauran kuma ƙasa. Mutum in yana sanɗa yana sunkuyar da kai ya ɗaga ido, in ya kwantar da kunci a gindin bindiga kuma kai yana karkacewa, kyamara tana bin goshi ne ba ƙwayar ido ba. Ga shi maharbi yana waige-waige ba hutawa, mai kallo har jiri yake ji. Muka gwada ƙirji: tafiya ta fi kyau, hoto ya natsu, amma da zarar ya ɗaga bindiga hannuwansa sun rufe komai. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne ni in ɗaura a ƙirjina, in tsaya taku 2 ko 3 a bayan kafaɗarsa, ta yadda shi da bindigar da abin da ke gabansa duk suna cikin hoto. Wurin tsayuwar ma jagora ne ya nuna mini, ya ce kada ƙafata ta taɓa wuce layin kafaɗar mai bindiga komai daɗin hoton, kuma in toshe kunnuwana.

Batir ma ya koya mini nasa karatun. A 4K yana kai awa ɗaya da 'yan mintuna, da sanyin asuba kuma bai kai haka ba, har sai da na koma ajiye na ƙari a aljihun ciki inda ɗumin jiki ke taɓa su. Da rana tsaka matsalar ta juya, in an daɗe ana ɗauka a cikin rana ba iska, irin waɗannan ƙananan kyamarori suna zafi su kashe kansu. Farauta kuwa yawancinta jira ne da tafiya, abin da ake nema yana faruwa ne cikin daƙiƙa kaɗan ba sanarwa. In ka bar ta tana ɗauka tun safe, batir da kati sun ƙare kafin a ga dabba. In ka jira sai an gani, hannunka zai motsa a lokacin da ba a son motsi. Mafitar da na samu wani saiti ne da yawancinsu ke da shi, wanda kyamara ke riƙe daƙiƙa 15 ko 30 na baya a ƙwaƙwalwarta, in ka danna sai ta haɗa da su. Yana shan batir tunda a kunne take, don haka sai na ga masu bin sawu sun rage sauri sun fara magana da hannu sannan nake kunna shi. Haske kuma: gwanki da ire-irensa sun fi motsi da sassafe da gab da faɗuwar rana, daidai lokacin da ƙaramin idon kyamarar ke rasa haske, hoto ya yi yashi-yashi. Na lura in na sauko daga hoto 60 a daƙiƙa zuwa 30 a waɗannan lokutan abin yana ɗan gyaruwa. Kowane dare injin wuta na sansani awa 3 yake yi, cikinsu zan yi caji, in kwashe kati zuwa kwamfuta da rumbu, in buɗe wasu in tabbatar sun kwafu kafin in goge kati. Kada dogon bidiyo da ka gani ya rabu gida-gida ya tsorata ka, haka suke yanka shi, ba lalacewa ya yi ba.

Rana ta biyar aka dace. Tsohon namiji ne shi kaɗai, tsaye a gefen inuwa, jagora ya auna tazara ya raɗa cewa mita 140. Aka kafa sandunan ɗora bindiga, Yaya ya ɗora, ni ina bayansa zuciyata na dukan uku-uku har ina tsoron makirfo zai kama. Ya ja numfashi, ya saki rabi, ya harba. Gwankin ya zabura, ya ruga kamar mita 50, ya faɗi. A idona na ga komai: ƙahon da ya lanƙwashe baya, zanen baƙi da fari na fuska, dogayen kunnuwa. Da dare muka taru a gaban kwamfuta, har da masu bin sawu, kowa na ɗoki. Na kunna. Ga Yaya, ga bindiga, ga daji shimfiɗe, gwanki kuwa sai da na sa yatsa na nuna wani ɗigo na ce ga shi nan. Lissafin a fili yake. Kyamarar tana kwaso faɗin kusan digiri 120, dabba mai tsawon mita 2 a nisan mita 100 kuwa digiri ɗaya da 'yan kai take cikewa, kusan kashi ɗaya cikin 100 na faɗin hoton ke nan, a mita 140 ma ta fi haka ƙanƙanta. Jawowar da ke cikinta kuma ba ta gilashi ba ce, yanko tsakiyar hoto kawai take yi ta buɗa shi, sai ya dusashe. Wanda ke son dabbar ta fito, sai ya zo da kyamara ta biyu mai dogon gilashi da wani mutum daban da zai riƙe ta.

Raina ya ɓaci a daren, amma da na sake kallo ni kaɗai da abin ji a kunne sai na ga abin da ta kama wanda ni ban lura da shi ba a wurin. Yatsan Yaya ya je kan kunama ya dawo har sau 2 kafin ya harba. Hannun jagora a buɗe yake kusa da kafaɗarsa yana cewa dakata, har sai da dabbar ta juyo da gefenta. Bayan ƙarar bindiga akwai wata 'yar tazara sannan a ji wani tim mai nauyi, ƙarar saukar harsashi ce ke dawowa, tunda sauti kusan mita 340 yake yi a daƙiƙa. Sai muryar Yaya ƙasa-ƙasa tana rawa, da yadda muka taka zuwa wurin ba mai magana. Mai bin sawun nan da bai so a nuna fuskarsa ya durƙusa yana nuna mini da tsinke inda kofato ya nutse a ƙasa da inda ciyawa ta kwanta, hannunsa cike da allo, kowane layi na tafinsa ya fito. Duk abin da ke cikin mita 5 ya fito tar. Ashe aikinta ke nan.

Da muka dawo na yi mako 2 ina tacewa. Kafin in tura wa kowa na cire bayanin wurin da ke manne da fayil, saboda wasu daga cikin kyamarorin nan suna rubuta inda aka ɗauka ta tauraron ɗan'adam, kuma jagora ya roƙe ni da kada in bar wa mafarautan sata taswirar inda garke ke shan ruwa. Na yanke wurin fiɗa da inda jini ya yi yawa. Manyan shafukan bidiyo suna iya sa wa irin wannan shingen shekaru ko su rage masu ganinsa, ni kuma ko ba don su ba ban ga abin nunawa a ciki ba. Na rufe lambar mota, na dusashe fuskar wanda na yi wa alkawari, kuma ban kunna talla a kansa ba tunda abin da na sa wa hannu ke nan.

In zan sake, tun wata 3 kafin tafiya zan nemi amsar izini a rubuce, in faɗi gaskiyar inda bidiyon zai je. Zan ɗaura kyamarar in yi yawo da ita na yini guda a fili, in durƙusa, in yi rarrafe, in sa wani ya tsaya a mita 50 da 100 in ga yadda zai fito, in auna da agogo minti nawa batir ke yi. Saitin shiru zan gama shi kafin in rufe jaka, in saita kwanan wata da lokaci, in riƙa goge gilashin duk sanda muka sauka daga mota, don akwai safiya guda da ƙura da shatin yatsana suka cinye gaba ɗaya. Kati 4 zan saya ba 2 ba. Bindiga kuwa ba zan maƙala mata komai ba sai mai ita ya gwada saitinta da abin a jiki kuma jagora ya yarda. Zan rage ɗaukar tafiya a mota, wadda ta ci mini kusan awa 4 ba wanda ya kalla, in ƙara ɗaukar fuskoki da hannaye da hirar da ake yi kafin a fita.

Bidiyon ya tsaya a minti 13. Yaya ya kalle shi ya fi sau 10, kuma duk sanda aka zo wurin harbin sai ya tsayar, ya matso da fuskarsa jikin allo, ya ɗora yatsa a kan ɗigon nan ya ce wa baƙo, “Ka gan shi nan.” Baƙon yakan ce ya gani.